Ƙugiya da Koto a Gulbin Rima: Sana'ar Su da Kalmominta a Ƙasar Gobir

Kufan Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, yana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato a yau, kuma duk wanda ya dubi shimfiɗar ƙasar zai lura cewa an kafa birnin ne a bakin Gulbin Rima, a yankin da manyan ruwaye suke tattaruwa su zama gulbi ɗaya. Daga kudu Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga tuddan Katsina da Zamfara su haɗu a wajajen Isa, daga gabas kuma Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa Jamhuriyar Nijar, yana komowa Nijeriya ya zuba ruwansa a Rima, sannan gulbin ya karkata ya nufi Goronyo da Wurno da Sakkwato, ya wuce Argungu inda ake kiransa Gulbin Kabi, har ya sadu da Kwara. A ƙasar da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, wadda rairayi da ƙaya suka mamaye tuddanta, fadamar da wannan gulbi yake shimfiɗawa ita ce dukiyar da ta fi kowace daraja, domin a nan dabbobi suke samun kiwo da rani, a nan ake noman shinkafa da alkama da albasa, a nan kuma ake kamun kifi. Tarihin Gobir kamar yadda aka rubuta shi tarihin doki ne da mashi da ganuwa, kuma ba a yi wa Gobirawa ƙage ba da aka san su da yaƙi, sai dai birnin da ya zauna a bakin gulbi kusan rabin ƙarni yana juya siyasar yammacin ƙasar Hausa bai rayu da ganima kaɗai ba. Masunta suna cikin waɗanda suka ciyar da shi, kuma da yake sana'arsu gado ce da ake koya da hannu da baki, abin da ya adana tarihinta shi ne kalmomin da suke kiran kayan aikinsu da su, musamman na kamun ƙugiya, wanda ya fi kowane irin kamu buƙatar sanin halin kifi ɗaya bayan ɗaya.

Riwayoyin Gobirawa sun nuna cewa kakanninsu sun taso ne daga Azbin, suka yi zama a Birnin Lalle da Gwararrame kafin su gangaro kwarin Rima a ƙarni na 18, lokacin da yankin yake hannun Zamfarawa. An ce Sarkin Zamfara ne ya ba su masauki a gonakin alƙalinsa, kuma daga nan sunan Alƙalawa ya samo asali. Sarkin Gobir Babari, wanda ya yi sarauta daga wajajen 1742 zuwa 1770, shi ne ya juya wa masu masaukin baya, ya ci Birnin Zamfara a wajajen 1762, ya mayar da Alƙalawa fadar mulkinsa, inda magadansa suka zauna, ciki har da Bawa Jan Gwarzo da Yakubu da Nafata da Yunfa. Da wuya a ce mutanen da suka fito daga rairayin arewa su ne suka kawo sana'ar ruwa cikin kwarin. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne sun tarar da ita a hannun mazauna fadama, suka ɗora mulkinsu a kanta. Shaidar wannan tana cikin harshe, domin kalmomin su da ake ji a Sabon Birni da Isa, tun daga homa da gora har zuwa sunayen kifaye, su ne dai ake ji a Wurno da Argungu da Yawuri, wato sun bi gulbi ne ba su bi iyakar masarauta ba. Bambancin da ake samu na lafazi ne, irin na Hausar yamma, inda ake cewa kihi da hwadama da hwatsa a maimakon kifi da fadama da fatsa, ake kuma cewa tabki, kamar yadda aka san sunan Tabkin Kwatto, inda rundunar Yunfa ta gamu da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a watan Yuni na 1804.

Ba a fahimtar kayan su sai an fahimci shekarar gulbi, domin kowane kaya yana da lokacinsa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa yakan cika ya yi ja da laka, ya tsallake gaɓa ya malale fadama, kifaye su bi shi cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su sami abinci da mafaka. Da kaka ruwan yakan fara janyewa, kifin ya nemi hanyar komawa gulbi, wanda bai samu ba ya maƙale a tafkuna da guraben da suka yanke, waɗanda suke ta ƙanƙancewa har bazara. Masana kifi sun tabbatar a kogunan Afirka masu fadama cewa yawan abin da ake kamawa yana bin girman ambaliyar da ta gabata, abin da masunta suka daɗe da sani, kuma saboda muhimmancin waɗannan tafkuna na rani ne wani jami'in kifi na zamanin Turawa, M. J. Holden, ya yi nazarin waɗanda ke Gulbin Sakkwato ya buga sakamakonsa a 1963. Lokacin da ruwa ya ragu shi ne lokacin su na gayya, inda gari guda yake faɗawa tafki da homa, wato ragar hannu mai bakin itace, ana riƙe da biyu ana haɗa su a ƙarƙashin ruwa. Lokacin janyewar ruwa na tarkuna ne irin su gura da unduruttu, waɗanda ake saƙawa a kafa a mazubar ruwa. Lokacin cikar gulbi kuwa, sa'ad da ruwa ya yi zurfi ya yi ƙarfi, kifi ya watsu cikin ciyawar da raga ba ta ratsawa, to a nan ne ƙugiya take da ranarta.

Kalmar su tana nufin kamun kifi gaba ɗaya, mai yin sa kuma masunci, amma a yammacin ƙasar Hausa akwai wani suna da ya fi wannan nauyi, wato Basarke, jam'i Sarkawa, wanda ake kiran wanda ya gaji ruwa kaka da kakanni da shi. Masana sun danganta Sarkawa da masuntan Sorko na daular Songhai, waɗanda suka mallaki jirage da harkar ruwa a Kwara, kuma alaƙarsu da Kabi ta yi ƙarfi tun zamanin Kanta, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya a farkon ƙarni na 16 ya kafa mulkinsa a Surame. P. G. Harris ya rubuta bayanin masuntan Kabi a 1942, Jean Rouch kuma ya rubuta na Sarkawa masu yawon su a tsakiyar Kwara a 1950, kuma daga irin waɗannan rubuce-rubuce ake ganin mutane masu ƙaura da jiragensu suna bin kifi daga wannan ruwa zuwa wancan, har Binuwai da Tafkin Chadi. Sarkanci ya ƙunshi abin da ya zarce jefa raga, domin ya haɗa da sanin makwancin kada da dorina, da tsamo wanda ruwa ya ci, da magungunan da suka shafi ruwa, kuma har yau idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a maƙogwaro gidan Sarkawa ake fara tunawa. A saman Rima, inda gulbi yake ƙafewa ya koma rairayi da gurabe da rani, yawancin masu su manoma ne da suke haɗa gona da ruwa, sai dai ƙa'idojin sana'ar da ladubbanta na Sarkawa ne.

Mafi sauƙin kamun ƙugiya shi ne fatsa, wato ƙugiya ɗaya a bakin zare, zaren a ɗaure da sanda, da ɗan guntun kara da ke yawo a saman ruwa don ya nuna lokacin da kifi ya taɓa, da ɗan dutse ko dalma da ke nutsar da ƙugiyar. Ƙugiya ƙarfe ne lanƙwasasshe mai tsini, da ɗan kunne a bayan tsinin irin na kibiya wanda ke hana ta fita idan ta shiga, abin da ake soka mata don ya yaudari kifi kuma shi ne koto. Fatsa aikin yara ne da masu neman na miya, kuma ba a ɗaukar mai yin ta a matsayin masunci na sosai, amma a kanta ne ɗan masunta yake koyon bambanta taɓin ƙaramin kifi mai satar koto da jan babba wanda ya haɗiye.

Kamun kasuwa yana farawa ne daga lokacin da aka ɗaura ƙugiyoyi masu yawa a igiya ɗaya. Ana samun doguwar igiya mai ƙwari, a riƙa ɗaura mata gajerun zare a jere, kowane da ƙugiya a bakinsa, kuma ma'aunin da ake amfani da shi na jiki ne, wato gaba, tsawon hannu biyu a buɗe, da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, da taƙi, buɗin tafin hannu. Idan igiyar ta koto ce, wadda ake jin sunan rinca a kanta a ruwayen Sakkwato da Kabi da Yawuri, ana ba da tazara mai faɗi tsakanin ƙugiya da ƙugiya, domin kada kifi biyu da suka kamu su harɗe juna su tsinke zare. Da la'asar masunci yakan zauna a bakin ruwa da kwarya ko kwando wanda aka naɗe igiyar a ciki, ƙugiyoyin a soke a jere a gefen bakinsa don kada su cukurkuɗe, ya riƙa zaro su ɗaya ɗaya yana soka koto, yana ɓoye tsinin ba tare da ya toshe shi ba. Kafin magariba ya ɗaure bakin igiyar a turke ko a saiwar itace, ya shiga ruwa yana saki a hankali tare da bin gefen ciyawa, yana rataya dutse a inda yake son ta kwanta ƙasa, da ƙaramin duma a inda yake son ta tashi, har ya kai ƙarshe ya kafa wani turken. Da asuba yake dawowa dubawa, kuma tun kafin ya ga kifi hannunsa ya gaya masa abin da ke ƙasa, domin tarwaɗa tana ja tana murɗawa, babban kifi kuwa yakan kwanta da nauyi sai an matso kusa ya yi fizga. Igiya ɗaya tana iya ɗaukar ƙugiya ɗari ko ɗaruruwa, kuma da yawan ƙugiya ake auna ƙarfin masunci, kamar yadda ake lissafin jarinsa da bashinsa.

Ilimin sana'ar yana cikin koto, domin shi ne yake zaɓen kifin da zai kamu. Tana, wadda ake tonowa a dausayi, ita ce koton kowa da kowa, amma ana amfani da ƙananan kwaɗi da fara da naman dodon koɗi da hanjin kaji da gutsuren kifi, kai har da sabulu, wanda ƙanshinsa da maiƙonsa suke jawo wasu kifayen marasa ɓawo. Tarwaɗa ita ce uwar wannan kamu, saboda da dare take kiwo, kuma da gashin bakinta take laluben abinci a cikin ruwan da ido ba ya gani, ga shi tana da wata gaɓa a kai da ke ba ta damar shaƙar iska, wadda ta sa take jure wahala ta kwana a ƙugiya da ranta, ta kuma isa kasuwa tana motsi. Ramboshi, ɗan'uwanta mai girma, da ragon ruwa da kurungu mai ƙayoyi uku masu kafewa duk suna cin koto a ƙasan ruwa, kuma cire kurungu daga ƙugiya sai da dabara, domin sukarsa tana da zafi ƙwarai. Giwan ruwa, wanda yake iya kai nauyin mutum ko ya fi, mafarauci ne da ba ya kula mushe, saboda haka sai a soka masa ƙaramin kifi mai rai, irin su kawara, ta baya yadda zai ci gaba da iyo, a kuma sa babbar ƙugiya da zare mai kauri. Tsage yana da haƙoran da ke yanke zare, minjirya kuma takan girgiza hannun wanda ya taɓa ta da wutar jikinta. Karfasa da bargi kuwa, da yake abincinsu gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, sun fi zama rabon raga da tarko, ita kuma gaiwa, wadda take shiga laka ta rufe kanta idan tafki ya ƙafe ta jira damina, sau da yawa da fartanya ake haƙo ta. Wannan rabe-raben ya nuna cewa sunayen kifi a bakin masunci bayani ne na abin da kowane yake ci, da zurfin da yake zama, da sa'ar da yake fita.

Akwai kuma igiyar da ba a sa mata koto ko kaɗan, wadda ake kira mamari ko marimari, kuma hikimarta dabam ce. A nan ƙugiyoyin suna kusa da juna ƙwarai, tazararsu ba ta wuce taƙi ba, ana wasa su su yi tsini sosai, a shimfiɗa igiyar daf da ƙasan ruwa a kan hanyar da kifi yake bi, ta yadda duk wanda ya zo ratsawa ƙugiya za ta kama shi a ciki ko a wutsiya, idan ya yi fizga kuma na kusa su ƙara kama shi. Kifaye marasa ɓawo ne suka fi faɗawa, domin fatarsu ba ta da kariya. Mamari yana rage wa masunci wahalar neman koto, amma yana cin ƙugiya da yawa, yana raunata kifin da ya kuɓuce, kuma haɗari ne ga mai tsallaka gulbi da ƙafa da dabbar da ta zo shan ruwa da mai homa da ya shiga ba da sani ba. Saboda haka kafa shi a mashaya ko mashigi ko tafkin da ake tanadi don su na gayya abu ne da ke jawo rigima, kuma bambancin da masunta suke yi tsakanin igiyar koto da mamari ya shafi haƙƙin maƙwabta kamar yadda ya shafi dabarar kamu.

Abin hawan masunci a wannan yanki ya fi zama gora maimakon jirgi. Gora babban duma ne da aka fafe aka bar masa ƙaramin baki a sama, masunci ya kifa cikinsa a kai ya riƙa tuƙi da hannuwa da ƙafafu, duk kifin da ya cire ya jefa a ciki, ya zama masa abin hawa da ma'aji a lokaci guda, kuma ya dace da gulbin da ke cika wata uku ya ƙafe, da ƙasar da ba ta da manyan itatuwan sassaƙa. Jirgi ko kwalekwale, wanda a da ake fafewa daga gungumen maɗaci ko kawo, daga baya kuma aka koma haɗa shi da katako da ƙusa kamar yadda ake yi a Yawuri, ana tuƙa shi da filafili a zurfi, a dogara shi da gwangwala inda ƙasa take kusa. Mai jirgi yana iya shimfiɗa igiya mai tsawo ninki da yawa fiye da mai gora, yana kuma buƙatar mutum biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana saki ko ɗagawa, kuma daga nan ake samun yaron jirgi da rabon abin da aka kama tsakanin mai kaya da mai aiki. Jirgin da ke su da dare shi ne sau da yawa yake fito da rana, yana tsallakar da 'yan kasuwa da kayansu.

Ruwa yana da mai shi, kuma wannan shi ne abin da sarautar Sarkin Ruwa take nufi. Shi ne yake hana taɓa tafki har kifi ya girma, ya sa ranar su, ya raba gardama a kan wurin kafa turke, ya kuma karɓi wani abu daga baƙin masunta a madadin sarkin gari. A can baya wannan iko yana haɗe da tsafi da neman yardar iskokin ruwa, kuma Guy Nicolas, wanda ya yi nazarin Hausawan kwarin Maraɗi, inda Gobirawan Tsibiri suke, ya bayyana yadda dangogin Anna, wato masu bin addinin gargajiya, suke rarrabe da gadonsu na noma da ƙira da farauta da ruwa, kowane da shugabansa. A Kabi al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa, wato shirya gulbi da buɗe shi ga masu su, su ne tushen bikin Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A ranar babban su ɗin nan homa da gora ake shiga da su, ba a kafa ƙugiya. Musulunci ya shigo da nasa ma'aunin, domin a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne ba sai an yanka ba, amma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta hana sayar da kifin da yake cikin kogi ko tafki tun ba a kama shi ba, saboda garari, wato cinikin abin da ba a san yawansa ko samuwarsa ba. Wannan hukunci yana taɓa al'adar sayen tafki, inda mai kuɗi yake biya tun kifi yana ruwa, kuma ya isa ya nuna cewa malaman da suka yi jihadi a wannan kwari sun san mas'alolin masunta a littafi.

Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa, birnin ya watse. Gobirawa sun ci gaba da gwagwarmaya har yaƙin Gawakuke na 1836, bayansa Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a wajajen shekarun 1860 Ɗan Halima, wani ɗan sarautar Gobir, ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni kusa da tsohon kufai, Isa kuma ta zama ribaɗin Sakkwato a ƙarƙashin zuriyar Bello masu riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, iyakar da suka shata da Faransa tsakanin 1906 da 1908 kuma ta bar Tsibiri a wani ɓangare, Sabon Birni a wani. Duk wannan bai raba ruwan ba, domin Gulbin Maraɗi yana tsallaka iyakar sau biyu, masuntan Tafkin Madarunfa da na Rima kuma harshensu ɗaya, kayansu ɗaya.

Sauyin da ya fi taɓa sana'ar a ƙarni na 20 ya zo ne ta kasuwa. A da maƙeri ne yake ƙera ƙugiya ɗaya ɗaya, igiya kuma ana tufka ta da rama ko da zaren wani nau'in wake da ake nomawa musamman don haka, ana jiƙa ta da ruwan ɓawon itace don ta jure ruɓa, abin da ke ba ta launin da karin maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma" take nuni da shi. Irin wannan igiya tana buƙatar shanya kullum, kuma tsadar ƙugiyar maƙera tana iyakance yawan da mutum zai mallaka. Da kamfanonin Turawa suka fara shigo da ƙugiyar inji, musamman ta Mustad ta ƙasar Norway, wadda ta fara ƙera ƙugiya a 1877 take kuma da tambarin mabuɗi, sai aka koma sayenta a kwali, ɗari ɗari, aka kuma sami sabuwar kalma a bakin masunta, wato lamba, inda girman lamba yake nufin ƙanƙantar ƙugiya. Zaren nailan ya biyo baya daga ƙarshen shekarun 1950, wanda ba ya ruɓewa kuma kifi ba ya ganinsa sosai, daga baya guntayen silifa da robar ruwa suka maye gurbin duma. Littafin kifaye da kamun kifi na Arewacin Nijeriya da Ma'aikatar Gona ta buga a 1967, wanda W. Reed da Ibrahim Yaro suke cikin marubutansa, ya zo daidai wannan gaɓa, ya kuma adana sunayen Hausa na kifaye da kayan kamu. Sauƙin kaya ya buɗe ruwa ga wanda bai gada ba, ya kuma ɗaure masunci da ɗan kasuwa, domin kayan da a da ake yi a gida yanzu sai da kuɗi, kuɗin kuma sau da yawa na uban gida ne da yake bayarwa da sharaɗin a sayar masa da kifi a farashin da ya yanka.

Dabarar da ake yi da gora a Rima ita ce manyan jiragen teku suke yi da inji. Jiragen Japan masu kamun tuna, waɗanda suka shigo Tekun Atlantika a tsakiyar shekarun 1950 suka riƙa sauka a tashoshi irin su Las Palmas da Dakar da Abidjan da Tema, suna sakin igiya da takan kai kilomita 100 ɗauke da ƙugiya 2,000 zuwa 3,000, kowace da kotonta na ƙaramin kifi, kuma ɗaga ta yakan ci fiye da sa'a 10. Sassan kayan su ne dai waɗanda aka bayyana, wato uwar igiya da rassanta da abin ɗagawa da abin nutsarwa, har ma suna kiran yankin igiyar da ke tsakanin alama biyu da sunan kwando, tun zamanin da a kwando ake naɗe ta, suna kuma auna sa'ar kamu da yawan kifi a kan kowace ƙugiya 1,000. Matsalarsu ma iri ɗaya ce, domin koto ba ya zaɓen baki, yana kama kunkurun teku da tsuntsaye kamar yadda igiyar Rima take kama kififiya.

A Rima kuwa, kifin da aka ɗaga da asuba ba ya jira, shi ya sa banda ta zama rabin sana'ar. Ana fafe shi a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki, a jera a kan waya bisa murhun laka, a ba shi wuta da hayaƙi har ya bushe ya yi baƙi, sannan a cusa a kwali ko kwando zuwa kasuwannin Sabon Birni da Isa da Shinkafi da Goronyo, inda dillalai suke haɗa masunta da fatake masu kai shi Sakkwato da Gusau da Maraɗi da kudu. Mata suna da hannu mai ƙarfi a suya da sayarwa kashi kashi.

Abin da ya raunana sana'ar shi ne raguwar ambaliya. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya ƙafar da tafkunan da ba a san su da ƙafewa ba, madatsun ruwa kuma suka sauya tafiyar gulbin gaba ɗaya: Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, Zobe a kan Karaduwa mai zuba a Bunsuru, Jibiya a kan ruwan da ke zama Gulbin Maraɗi, sannan Goronyo a kan Rima kanta, wadda aka kammala a 1984 da ma'ajin da ya haura kubik mita miliyan 900. Matsayin Sabon Birni da Isa a nan abin dubawa ne, domin madatsun Katsina suna rage ruwan da ke zo musu daga sama, Goronyo kuma tana tare hanyar kifin da a da yake haurowa daga ƙasa da cikar gulbi. Gaskiya ne tafkin Goronyo ya samar da ruwan da ba ya ƙafewa, inda jirgi da doguwar igiya suke aiki duk shekara, amma ribar ta fi zuwa ga mai jarin jirgi da inji, mai gora na ƙauyen fadama kuwa ya ga manyan kifaye suna ƙaranci, ya koma ƙaramar lamba da raga mai ƙananan idanu, wasu ma suka koma zuba guba, daga magimfa ta gargajiya zuwa maganin ƙwari na Gamalin, duk da dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 da ta haramta guba da nakiya.

A kan wannan ne rashin tsaro ya sauka. Kamun ƙugiya aikin magariba ne da asuba, a bakin ruwan da ke nesa da gari, kuma waɗannan su ne sa'o'i da wuraren da 'yan bindiga suka hana mutane. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, a watan Oktoba na 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo, dubban iyalai kuma sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Yaron da ya tashi a sansanin gudun hijira ko a bayan garin Sakkwato ba zai koyi soka koto ba, ba zai kuma san gurbin da ramboshi yake kwana ba, kuma sunayen gurabe da mashigai da lokutan kafa kowace igiya suna hannun dattawan da suka san Rima tun kafin a datse ta. Ya kamata sassan nazarin Hausa da na tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tare da masarautun Sabon Birni da Isa da Tsibiri, su nemi waɗannan masunta a inda suke zaune yanzu, su ɗauki bayaninsu da lafazinsu na Gobir, kaya bayan kaya da kifi bayan kifi, domin wanda yake da shekara 20 lokacin da aka kammala madatsar Goronyo ya haura 60 a yau.